Zaɓen kan inji ga motar da ake son ƙara wa ƙarfi

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin garejin makanikai da kasuwar Ƙofar Ruwa ya san cewa idan matashi ya ƙudurta ƙara wa motarsa ƙarfi, salansa yake fara canzawa, domin ita ce kunne yake ji. Daga nan sai matatar iska, sai fulogi masu tsada, kuma idan duk waɗannan ba su ba shi abin da yake nema ba, sai hankalinsa ya koma ga kan inji, wato murfin ƙarfen da yake rufe saman silindoji, wanda makanikanmu suke kira tof silinda. A nan ne ya iso inda ƙarfin yake da gaske, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta, saboda yawancin masu saye suna zaɓen kai ne da girman ramukansa ko da sunan motar da aka ciro shi, alhali abin da ya kamata su fara tambaya shi ne yawan juyin da injin zai riƙa yi a aikinsa na yau da kullum.

Inji mai amfani da fetur ba ya rasa mai, domin ƙara masa mai abu ne mai sauƙi. Iska ce take masa wuya. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus yana buƙatar iska wajen giram 14.7, saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da zai iya shaƙa ya fitar. Dukkan wannan iskar ta cikin kai take bi: ta shiga ta hanyar shiga, ta ratsa gefen bawul, wato ƙofar da take buɗe hanyar tana rufewa, a matse ta a kwarmin da wuta ke tashi, sannan hayaƙi ya fita ta ɗaya hanyar. Golf 3, wadda direbobin tasha suka sani ciki da bai, ta isa misali. Akwai mai inji lita 2 da bawul 8 wadda take ba da ƙarfin doki 115, akwai kuma mai bawul 16 wadda take ba da 150, alhali faɗin silinda da tsawon tafiyar fistin duk ɗaya ne. Mafi yawan wannan bambancin daga kai ya fito, tare da kamshaf (sandar da take buɗe bawul) da manifol (bututan da suke haɗe da hanyoyin kai) da aka yi domin su dace da shi. Haka Mercedes ta yi a shekarun 1980, lokacin da ta ba kamfanin Cosworth na Ingila aikin ƙera kai mai bawul 16 ga 190E, injin lita 2.3 ya tashi daga doki 136 zuwa 185.

To amma a nan ne mutane suke ruɗuwa. Ganin cewa yawan iska shi ne ƙarfi, sai a ɗauka duk kan da hanyoyinsa suka fi faɗi shi ya fi. Lissafin ba haka yake ba. Injin lita 2 da yake juyi 6,000 a minti yana neman iska kusan lita 6,000 a cikin wannan mintin, amma idan yana juyi 2,000, kamar yadda yake yi a cunkoson Titin Gidan Zoo ko na 'Yankura, kashi ɗaya cikin uku kawai yake nema. Hanyar da aka faɗaɗa domin ta ɗauki lita 6,000 cikin sauƙi, idan lita 2,000 ce take bi ta cikinta, sai iskar ta yi sanyin jiki. Wanda ya taɓa toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa ya ga yadda ruwa ke ƙara gudu ya san abin da nake nufi. Gudun iskar yana da amfani biyu. Na farko, iska mai gudu tana ci gaba da kutsawa cikin silinda ko bayan fistin ya kai ƙasa ya fara dawowa, saboda bawul ɗin shiga ba ya rufewa nan take, kuma ƙarfin da ta taho da shi yana hana ta komawa baya. Na biyu, gudun ne yake riƙe ɗigon fetur a cikin iska ya cakuɗa su, har wutar ta ci da sauri. Idan gudun ya mutu, motar za ta yi nauyi wajen tashi, ta riƙa shan mai, kuma ba za ta farka ba sai allura ta haura juyin da mai ita ba ya kaiwa sai jefi-jefi.

Kamfanin Toyota da kansa ya bi ta wannan hanya. Injin 4A-GE da ya fito a 1983 yana da manyan hanyoyin shiga, har sai da aka sa masa wasu ƙananan ƙofofi a manifol, tsarin da suka kira T-VIS, waɗanda suke toshe rabin hanyar har sai inji ya ɗan wuce juyi 4,000, domin kada iska ta yi lalaci a ƙasa. A ƙarshen shekarun 1980 sai suka sake kan, suka ƙanƙanta hanyoyin, suka cire ƙofofin, suka ɗaga matsi, wato ninkin da fistin yake takure iska da mai, daga 9.4 zuwa 10.3, kuma injin mai ƙananan hanyoyi ya fi na farkon ƙarfi. Ina kawo wannan tarihi duk lokacin da na ga an ɗauko injin gurza ƙarfe za a shiga hanyoyin kai babu awo.

Na ga hakan da idona a wani gareji da nake kai mota. Wani matashi ya kawo kan Honda da aka riga aka yi wa aiki a wani wuri, an rarake hanyoyin shiga, an goge su suna sheƙi kamar madubi. Yana ta nuna wa maigidan garejin, yana cewa, "Baba, duba fa, yatsu uku suna shiga." Dattijon ya karɓa, ya juya shi wajen haske, ya zura ɗan yatsa ta ƙarƙashin mazaunin bawul, ya daɗe yana shafa wurin, sannan ya ce, "Yaro, inda ya kamata a taɓa ba a taɓa ba, inda ba ruwansa kuma an cinye shi." Gaskiyarsa ce. Wurin da iska ta fi shan wahala shi ne kwanar da take yi dab da bawul da kuma bakin mazaunin kansa, ba bakin hanyar na waje ba. Gyaran mazauni mai kusurwa uku, wato digiri 30 da 45 da 60, tare da share gurɓin da masana'anta ta bari a ƙarƙashinsa, sau da yawa ya fi faɗaɗa hanyar gaba ɗaya amfani. Shi kuwa sheƙin, a hanyar hayaƙi yake da ɗan amfani, domin yana rage taruwar baƙin toka. A hanyar shiga an fi son bango mai ɗan kaushi, don kada fetur ya kwanta a jikinsa.

Masu ƙera kawunan tsere a Amurka, irin su Edelbrock da AFR da Brodix da Dart, suna tallata kayansu da lambobi biyu: faɗin cikin hanyar shiga da sisi (cc, wanda 1,000 suke yin lita ɗaya), da yawan iskar da take wucewa a na'urar gwaji. Ga injin Chevrolet mai silinda 8 da lita 5.7, alal misali, za a ga kai mai hanya sisi 180, da mai 195, da mai 210 ko fiye. Duk wanda zai yi odar irin wannan ya lura da abu guda. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe ita ce ta lokacin da bawul ya buɗe iyakar buɗewa, wataƙila ma fiye da yadda kamshaf ɗinsa zai iya ɗaga shi. Amma bawul sau ɗaya yake kaiwa ƙololuwa a kowane zagaye, alhali yana ratsa rabin buɗewa sau biyu, yana hawa yana sauka. Saboda haka lambobin tsakiya sun fi faɗin gaskiya. Idan kawuna biyu suna wuce iska daidai wa daida, a ɗauki mai ƙaramar hanya. Sannan kada a kwatanta lambobin kamfanoni biyu sai an tabbatar da ƙarfin zuƙar iska ɗaya aka gwada su a na'urar, wanda yawanci inci 28 na ruwa ne.

Sai dai irin waɗannan kawuna na injinan Amurka ne galibi, mu kuwa titunanmu Toyota da Honda da Peugeot da Golf da Mercedes ne suka cika su. A wurinmu, zaɓen kai yana nufin ɗauko na wani inji ɗan gida ɗaya a ɗora a kan bulok, wato gangar jikin injin, da ake da shi. Haɗin da ya fi shahara a duniya a wannan fanni shi ne na Honda, inda ake ɗaukar bulok ɗin K24 mai lita 2.4 a ɗora masa kan K20A2. Dalilin a fili yake. Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD, tana ɗauke da K24 mai tsarin VTEC (tsarin Honda na sauya yadda bawul yake buɗewa) na tsimin mai, wanda yake aiki a ɓangaren shiga kaɗai, shi kuwa kan K20A2 yana da cikakken tsarin da yake sauya kamshaf zuwa babban tudu, mai ƙara buɗe bawul, a ɓangaren shiga da na fita duka. Amma ba kai kaɗai ake saye ba. Ana buƙatar ƙwaƙwalwar mota da za ta san lokacin kunna wannan tsari, da manifol da wayoyin da suka dace, kuma dole a auna tazarar bawul da fistin, domin fistin ɗin K24 na Accord ba don wannan buɗewar aka yanka shi ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tafiyar fistin a K20 milimita 86 ce, a K24 kuwa 99 ce, saboda haka a juyi 8,000 fistin ɗin K24 yana gudun sama da mita 26 a daƙiƙa, na K20 kuwa bai kai 23 ba. Kan yana son juyin da ƙasan injin ba a gina shi dominsa ba. Ita kuma Accord ta 2008 zuwa 2012, kanta ya haɗe hanyoyin hayaƙi huɗu a cikinsa suka fito ta rami ɗaya, don haka mai ita ba shi da damar sa manifol ɗin hayaƙi mai bututu huɗu sai ya sake kan baki ɗaya.

Mai Corolla da injin 1ZZ kuwa, wanda yake jin labarin 2ZZ mai ƙarfi, gara ya haƙura da batun kai ya nemi injin sukutum. Faɗin silindar 1ZZ milimita 79 ne, na 2ZZ 82, kuma ba tagwaye ba ne duk da kamar suna.

Yanzu sai batun matsi, wanda a ganina shi ya fi kashe injina a Kano. Matsi shi ne yawan ninkin da fistin yake takure iska da mai kafin fulogi ya ba da wuta, kuma lissafinsa ba shi da wuya. A injin lita 2 mai silinda 4, kowace silinda tana sharar sisi 500. Idan sararin da ya rage a sama, wato kwarmin kai da kaurin gaskit da ramin saman fistin, ya kai sisi 55, matsin ya zama 555 a raba da 55, wato kusan 10.1. Idan sabon kan ya rage wannan sarari zuwa sisi 50, matsin ya koma 11. Sisi biyar kacal, cikin ƙaramin cokali, su ne suka kawo wannan tsalle. Haka kuma duk lokacin da aka kai kai wajen masu injin ƙarfe aka kankare fuskarsa, kwarmin yana raguwa. A silinda mai faɗin milimita 86, kaurin rabin milimita ya kusa sisi 3. Kan da aka ciro daga tsohuwar mota, ba wanda ya san sau nawa aka kankare shi kafin ya iso hannun mai saye. Abin yana iya juyawa ta ɗaya fuskar: wanda ya ɗora kai mai bawul 16 a bulok ɗin Golf mai bawul 8 ba tare da sake fistin ba, matsinsa faɗuwa zai yi, saboda fistin ɗin mai bawul 8 yana da kwarmi a samansa, sai motar ta fito da sanyi maimakon zafi.

Awon kwarmin kai ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. A kife kan a teburi madaidaici, bawul da fulogi suna ciki, a shafa giris siriri a kewayen kwarmin, a ɗora farantin roba mai gani-har-hanji da aka huda wa ƙaramin rami, sannan a riƙa ɗura man giyar mota da sirinji mai lamba har kumfar iska ta ƙarshe ta fice ta ramin. Abin da sirinjin ya zubar shi ne faɗin kwarmin. A yi wa dukkan silindoji haka, domin idan ɗaya ta fi sauran ƙanƙanta, ita ce za ta fara ƙara.

Wannan ƙarar, mai kama da ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an taka mota a babbar giya, alama ce cewa ragowar man da yake gefen kwarmi yana fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Tana fasa kafaɗar fistin, tana ƙona gaskit, tana cin mitali. Abubuwan da suke kawo ta su ne yawan matsi, da zafin iska, da ƙarancin okten (ma'aunin yadda fetur yake jure matsi) a fetur, kuma biyu daga cikin ukun ba a hannunmu suke ba. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, iskar da take ƙarƙashin bonet kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Fetur ɗinmu kuma nau'i ɗaya ne a famfo, ba kamar Turai ko Japan ba inda direba yake zaɓen mai babban okten, balle ranar da dole ta sa aka saya a galan wajen 'yan bumburutu. Injinan da aka yi wa matsi 11 ko 11.5 a Japan, irin su 4A-GE mai bawul 20 na ƙarshe da K20A na Honda Type R, da babban okten aka tsara su. Sababbin motoci suna da na'urar jin wannan ƙara, wadda take sa ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya don kare inji, to amma jan wutar baya shi ne zubar da ƙarfin da aka kashe kuɗi domin a samu. Shi ya sa nake ganin motar da za ta sha man gidan mai a garin nan ta kuma yi aikin yau da kullum, zai fi mata alheri ta tsaya kusa da matsi 10, mai turbo kuma ya sauka ƙasa da haka sosai. Wanda ya mayar da motarsa ta koma amfani da iskar gas ta CNG, kamar yadda mutane da yawa suka yi tun bayan cire tallafin mai a 2023, shi ba ƙarar ce damuwarsa ba, domin gas yana jure matsi fiye da fetur. Damuwarsa ita ce mazaunin bawul, saboda gas busasshe ne kuma yana cin mazauni mai taushi har bawul ya nutse, don haka ya tambayi irin ƙarfen da aka yi mazaunin da shi.

Siffar kwarmin ma tana da tasiri. Idan akwai shimfiɗaɗɗen wuri a kai wanda fistin yake kusantarsa har tazarar ta zama wajen milimita 1, iskar da take tsakaninsu tana fesowa tsakiya da ƙarfi, ta motsa cakuɗin, wuta ta ci da wuri. Masu sa gaskit mai kauri, ko su haɗa biyu, don su rage matsi suna ɓata wannan tazara, kuma sau da yawa ƙarar da suke gudu ba ta tafiya.

Game da ƙarfen da aka yi kan da shi, kusan duk motocin da muke hawa yanzu kan alminiyam ne da su. Alminiyam bai kai rabin nauyin ƙarfen zubi ba, yana kuma fitar da zafi da sauri, abin da yake sa ya ɗan fi jure matsi. Rauninsa shi ne yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, kuma idan inji ya tafasa sosai yana lanƙwashewa, wani lokaci ma ya yi taushin da ba zai sake riƙe gaskit ba ko an kankare shi. Wannan ya kamata ya sa mu sake duba al'adarmu ta cire tamostat da zuba ruwan rijiya a lagireto. Ruwa zalla yana cin alminiyam daga ciki, yana barin ƙanzo a hanyoyin ruwa, kuma inji mai ƙarin ƙarfi zafinsa ya fi na da. Bai dace a ɗora kan da aka sha wahalar nema a kan tsohon lagireto da ya toshe da ƙurar hunturu ba.

Idan aka je saye a Ƙofar Ruwa, kada a tsaya ga wankin da aka yi wa kan. A ɗora madaidaicin ƙarfe a fuskarsa, a tsaye da a kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, a gwada zura ma'aunin tazara a ƙarƙashi. Littattafan gyara na injinan Toyota da Honda da yawa ba su yarda lanƙwasa ta wuce milimita 0.05 ba, wato ƙasa da kaurin takarda. A duba siririn wurin da yake tsakanin mazaunan bawul da gefen ramin fulogi, domin nan tsagewa take farawa. A jingina kan a gefe, a zuba fetur a hanyoyin, a ga ko zai tsattsafo ta bakin bawul. A cire bawul ɗaya ko biyu a girgiza sandar a cikin bututunta. A buɗe mariƙan kamshaf a duba ko akwai zane, tun da a yawancin waɗannan kawuna kamshaf a kan alminiyam ɗin yake juyawa kai tsaye, kuma idan wurin ya ci, kan ya gama aiki. Sannan a daidaita da mai kaya tun kafin a biya cewa za a dawo da shi idan gwajin matsin ruwa ya nuna yoyo.

Wajen ɗaurawa, a fara gwaji da yumɓun roba a saman fistin: a ɗora kan da tsohon gaskit, a saita tayimin, a juya inji da hannu zagaye biyu, a buɗe a yanka yumɓun a auna kaurinsa inda bawul ya taɓa. Abin da masu haɗa inji suka saba nema shi ne wajen milimita 2 a bawul ɗin shiga da 2.5 a na fita. Idan an sake kamshaf, a tabbatar sifirin ɗin bawul ba ya haɗewa gam a iyakar buɗewa. Kusoshin kai na injina da yawa irin waɗanda suke miƙewa ne idan an ɗaure su, don haka a auna su yadda littafi ya ce ko a sa sababbi, a ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse da bututu ba. Bayan an tayar da inji, sai a nemi wanda zai saita mai da wuta a ƙwaƙwalwa da na'urar auna hayaƙi, domin kan da yake shaƙar ƙarin iska da tsohon lissafin mai zai sa injin ya ƙone da ƙishi. Gwajin ƙarshe kuma kada a yi shi da sanyin asuba. A fita da motar Titin Zariya da tsakar rana, tanki ɗauke da man da aka saba sha, a kashe rediyo, a sa babbar giya daga juyi 2,000, a taka a hankali ana sauraron injin, ido kuma yana kan allurar zafi.